Ranar da Aka Cire wa Kifi Beli

A shekarun nan da man fetur ya yi daraja, Turawa na ta ɗaure kaya suna komawa gida, duk Kaduna babu wanda ya kai Balarabe akawu sanin abin da bai sani ba. Ka ce masa motarka ta ƙi tashi, daga kan kujerarsa zai gaya maka abin da ya lalace. Ka ce matarka na naƙuda, zai faɗa maka mace ce ko namiji. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba", ina jin ko a kabari sai masu tambaya sun yi haƙuri da shi.

Abu ɗaya ne bakinsa ya kasa samo masa, wato gida. Ciki da falo yake haya a Unguwar Kanawa, a wani gida mai mutane kamar tasha, shi da matarsa Ladidi. Ga shi an gama gina sababbin gidajen ma'aikata a Malali, masu famfo a tsakar gida da wuta a kowane ɗaki, kuma rabon na ofishinsu yana hannun shugabansu, Malam Sulaiman. Duk wanda ya nuna da yatsa shi ne mai makulli. Ladidi ta yi maganar Malali har ta gaji, Balarabe kuma kullum amsarsa ɗaya ce, wai magana ta riga ta ƙare, sa hannu kawai ya rage.

Shi Malam Sulaiman ya gaji kujerar wani Bature, ya gaji gidansa na Unguwar Rimi, ya kuma gaji wani akwatin gilashi mai ruwa da kifi biyu a ciki, waɗanda aka ce daga wani tafki can ƙasar Malawi aka kawo su. Da lokacin aikin Hajji ya matso, zai tafi da iyalinsa a rufe gida, sai wata safiya ya ce a ofis, yana ta laluben fasfo a aljihu, "Ni kifayen nan ne ban san inda zan kai su ba."

Kafin ya rufe baki Balarabe ya miƙe.

"Kifi, yallaɓai? Ai gida ka zo. Kakana shi ne Sarkin Ruwan Yawuri. Mu a gidanmu ba a kama kifi, kiransa ake yi ya zo."

Allah ya sani, kakan Balarabe jaki yake kora, kuma ruwan da ya fi girma a garinsu rijiyar masallaci ce. Shi kansa Balarabe in mota za ta haye gadar Kaduna da shi sai ya runtse ido yana salati.

"To madalla," in ji Malam Sulaiman. "Ka riƙe min su su rayu."

"Su rayu kawai? Yallaɓai, sai dai ka dawo ka tarar sun hayayyafa."

Malam Sulaiman ya yi dariya. "In ka yi wannan ai ka ci makullin Malali."

Ya ƙara da bayanin da Bature ya bar masa: a riƙa barbaɗa musu ɗan kaɗan daga abincin gwangwani, kar a kashe ɗan injin da ke hura musu iska, kar a taɓa su da hannu. Balarabe na ta gyaɗa kai, amma tun daga kalmar Malali kunnensa ya toshe.

A kan amalanke aka kawo akwatin Unguwar Kanawa, Balarabe na gaba yana kore mutane daga hanya. Duk gidan aka fito kallo. Kifayen kuwa abin kallo ne, ba ƙarya. Namijin shuɗi ne mai ratsin baƙi, yana ƙyalli, yana yawo da isa daga wannan bango zuwa wancan, shi ya sa nan take Balarabe ya raɗa masa suna Di'o, wato Baturen mulki na da. Macen rawaya ce shar, ita kuma ta zama Madam.

Ladidi ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Malam, waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne za su kai mu Malali? Ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba."

Shehu tela, maƙwabcinsu na ɗakin zaure, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "Wai ana cin su kuwa?"

"Kai a garinku ana cin Di'o?" in ji Balarabe. "Ku matsa, numfashinku na damun su."

Aka ture jeren kwanonin Ladidi gefe aka ba akwatin wuri. Yadda ta ajiye murfin tukunya a ranar kaɗai ya isa jawabi.

Washegari da rana tsaka aka ɗauke wuta, ɗan injin ya yi shiru. Balarabe ya ruga ya aro famfon keke, ya zura bututun cikin ruwa, ya shiga bugawa. Bugu ne na mai neman gida, yashin ƙasan akwatin ya tashi, ruwa ya yamutse, Di'o da Madam suka riƙa juyawa kamar wake a tukunya.

"Ladidi, zo ki karɓe ni!"

"Ni jikar Sarkin Ruwa ce? Ina da daka."

Sai bayan la'asar aka dawo da wuta. Kwana biyu Balarabe bai iya ɗaga hannu ya sa hula ba, amma ya gaya wa mutanen ofis wai motsa jiki yake koya wa kifayen.

Daga nan ya waiwayi maganar abinci. Ya buɗe gwangwanin, ya shinshina, ya taɓe baki. Wai rowa ce irin ta Bature, ta yaya za a haihu da ɗan barbaɗe kamar gishirin miya? Ya fara gutsura musu tuwo, ya bi da ƙuli-ƙuli, ranar Juma'a har da ƙosai. Ba a jima ba ruwan ya koma kamar tsarin shinkafa, wani wari ya cika falo, Di'o ya lafe a lungu, shuɗin nan nasa ya dushe ya koma toka-toka.

Balarabe ya daɗe tsaye yana kallonsa, hannu a baya. Can ya ce, "Na gane. Koɗewa ya yi. Ladidi, ina bularki?"

"Bular da nake sa wa fararen kayanka?"

"Ita fa. In riga ta koɗe me ake yi mata?"

"Malam, kifi ne fa, ba 'yar shara ba."

Ya juye ƙullin gaba ɗaya. Ruwa ya yi shuɗi har ba a ganin Di'o sam, Madam kuwa in ta gifta kusa da gilashi sai a gan ta koriya fatau. Shehu tela ya shigo, ya duƙa, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can.

"Sannu da aiki, Sarkin Ruwa. Ka rina matar, mijin kuma ka ɓatar da shi."

"Matakin farko ke nan," in ji Balarabe, gumi na bin ƙeyarsa. "Ba kowa ke gane shi ba."

Mataki na biyu shi ne ya kwashe ruwan nan da kwanon sha, ya juye na randar Ladidi kaf a ciki, ruwan da ta kwana biyu tana tarawa saboda famfon unguwa ba ya zuwa kullum. A ranar sai a gidan maƙwabta aka roƙo na alwala. Tuwo da ƙosai kuma ya daina ba su, ba don ya yarda ya yi kuskure ba, sai don Ladidi ta rantse in ta ƙara jin warin nan za ta soya su da manja.

Abin haushi, sai kifayen suka murmure. Di'o ya dawo da shuɗinsa har ya fi na da, ya shiga tonon rami a yashi yana ɗiba da baki yana tofarwa, in Madam ta zo wucewa ya tsaya gabanta yana karkarwa. Matan gida suka ce iska ce ta kama shi. Balarabe ya ce aikin bula ne, kuma sirrin gidansu ne.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata safiya ya barbaɗa abinci, Di'o ya wawushe, Madam ko kallo ba ta yi ba. Washegari haka, jibi haka. Ta tsuke baki, ta koma bayan dutse ta lafe, ƙasan haɓarta ya kumbura, tana ta motsa shi kamar mai tauna goro. Har aka shiga mako na biyu, aka doshi na uku, ko ƙwaya ba ta ci ba. Ga alhazai an ce sun sauko daga Arfa.

Nan fa hankalin Balarabe ya tashi da gaske. In Madam ta mutu, Malali ta mutu. Shi ma abinci ya daina shiga masa, ya rame, idanu suka faɗa. Maƙwabta kuwa kowa ya kawo tasa. Wata ta ce hangum ne a shafa mata toka. Wani ya ce kambun baka ne, mutane sun cika kallonta. Shehu tela ya ce yaji ta yi, kuma ba ta da laifi, in shi aka aura wa mai tonon rami da baki haka zai yi.

Sai ga Lawan wanzami ya shigo yi wa wani aski. Shi ma a fagen cika baki ba baya ba ne. Ya ajiye zabira, ya dubi Madam sau ɗaya, ya kaɗa kai.

"Ba ta cin abinci?"

"Ba ta ci."

"Wuya ya kumbura?"

"Ga shi kana gani."

"Beli ne. An cire mata tun tana jaririya?"

Balarabe ya buga cinya. "Abin da na ce ke nan tun farko! Ina Bature ya san cire beli? Haka suke barin 'ya'yansu ma."

Ladidi ta ce, "Yanzu fisabilillahi kifi za ku yi wa aikin wanzanci?"

"Ke dai kawo kwalla da ruwa," in ji Balarabe.

Kafin a kamo Madam sai da Balarabe ya jiƙe har gindin kunne, ya ƙwale goshi a bakin gilashi, Di'o kuma ya cije shi a yatsa, shi kuwa ya yi ƙara kamar an sa masa wuta. Da ƙyar ya damƙe ta a tafin hannu, ya riƙe ta bisa kwallar, mutanen gida sun yi da'ira, har da masu leƙe ta taga. Lawan ya yi bismilla, ya zaro ɗan siririn ƙarfensa, ya sa bakinsa a leɓenta ya ɗan buɗa.

Sai ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suna zubowa cikin ruwa, tsit-tsit-tsit, kowane da ido biyu da wutsiya, suna iyo.

Lawan ya saki ƙarfe ya ja da baya har ya taka zabirarsa. "A'uzubillahi! Belin nata rai gare shi!"

"'Ya'ya ne!" wata mata ta ƙwala. "Wallahi 'ya'ya ne! Ta haihu ta baki!"

Guɗa ta tashi. Balarabe ya saki Madam cikin kwalla, ya tsaya baki buɗe. Amma mutumin naka ba ya daɗewa a ƙasa. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"To me kuka gani na mamaki? Kifin Turawa ai ta baki yake haihuwa. Lokacinta nake jira ya cika, shi ya sa na kira ungozoma."

"Ni ne ungozomar?" in ji Lawan.

"An ƙara maka girma, Sarkin Aska."

Matan gida suka ɗauki abin da wasa, suka ce sai a dafa ruwan wankan jego, a dama kunun kanwa. Balarabe har ya fara tambayar ina tukunya, Ladidi ta tare ƙofa da muciya. Abu ɗaya ta yarda a yi bisa al'ada, wato a raba mai jego da miji. Aka mayar da Madam da 'ya'yanta akwati, Di'o ya tare a babbar kwallar auren Ladidi.

Daga ranar Balarabe bai ƙara taka ƙasa da dukan ƙafarsa ba. A ofis ya ce Turawa ma sun kasa abin da ya yi. A masallaci ya riƙa gaisawa da mutane kamar mai bankwana. Ita kanta Ladidi, da ta ga 'yan kifin nan na yawo da idonta, zuciyarta ta yi sanyi, ta fara ɗaure kaya tana 'yar waƙa. Da labari ya zo cewa jirgin su Malam Sulaiman ya sauka, Balarabe ya je wurin mai gidan haya ya ce ya nemi wani ya ba shi ɗakin, su yau za su kwana Malali.

"Ba ka bari ka karɓi makullin tukuna?" in ji mai gidan.

"Makulli ai yana aljihuna, Baba. Wandon ne kawai ke jikin wani."

Ƙofar gidan Unguwar Rimi ta cika maƙil da 'yan taryar Alhaji. An shimfiɗa tabarmi, makaɗa na ta aiki, maroƙa na ta kirari. Alhaji Sulaiman na zaune a kujera cikin farar jallabiya, an sa babban kwano cike da dabino a gabansa, ga wata farar jarka a gefen ƙafarsa. Kusa da shi wata 'yar tsohuwa ce a kan darduma, mahaifiyarsa, an ɗauko ta daga ƙauye tun jiya. Ta riƙe ɗan kofinta da hannu biyu.

Sai ga amalanke ya kunno kai, Shehu tela na taya mai turawa, Balarabe na gaba cikin babbar riga.

"A ba da hanya! Iyalan Alhaji ne!"

Aka dare. Ya sa aka tsayar da amalanken daidai gaban kujera, ya yaye zanen da ya rufe akwatin. An mayar da Di'o ciki don a ga iyali cikakke.

"Yallaɓai, barka da sauka. Biyu ka bar mini. Duba ka gani."

Mutane suka matso, wani maroƙi ya hango abin kirari, ya yi wa makaɗa alama suka zo dab da gilashin suka saki kiɗa. Ruwa ya ɗauki rawa. 'Yan kifin nan suka firgita suka yi kan uwarsu a guje, ita kuma ta wangame baki, suka riƙa shigewa ɗaya bayan ɗaya.

Balarabe ya ƙwala ihu. "Tana cinye su! Jama'a, tana cinye min gida!"

Ya tattare babbar riga ya daka tsalle ya haye bakin amalanken. Amalanke kuwa ƙafa biyu gare shi. Gefensa ya yi ƙasa, ɗaya gefen ya yi sama, akwatin ya sulalo ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa ya daki siminti. Gilashi ya tarwatse, ruwa da yashi suka wanke ƙafafun Alhaji, Di'o da Madam suka shiga tsalle a ƙasa.

"Ruwa! A kawo ruwa!"

Babu wanda ya motsa, kowa na duba ƙafarsa. Balarabe ya waiga, ya fizgi kwanon dabino ya watsar, ya suri farar jarkar nan ya murɗe murfi ya tuntsura ta cikin kwanon har sai da ta daina ɗiga, rabi a ciki rabi a ƙasa. Ya tsince kifayen ya jefa. Madam ta yi juyi biyu, ta buɗe baki, sai ga 'ya'yan nan sun fito ras, babu wanda ya yi ko ƙwarzane.

Balarabe ya ɗago, baki har kunne, hula a karkace.

"Ka gani, yallaɓai? Ta sake haihuwa! A gabanka!"

Babu wanda ya yi guɗa. Makaɗa sun sauke hannu. Sai a lokacin ya lura ba kwanon ake kallo ba, jarkar da ke hannunsa ake kallo. Shehu tela ya matso ya raɗa masa, wannan karon babu wasa a muryarsa, "Zamzam ne."

Shi ne ruwan da Alhaji ya ɗauko a kafaɗarsa cikin turmutsitsi, ya hana kowa taɓawa a jirgi, ya ce ba za a buɗe ba sai tsohuwarsa ta fara kurɓa. Ni kaina mai ba da labarin nan, duk dariyar da nake yi wa Balarabe, in na tuna tsohuwar nan da kofinta sai na ji wani iri.

Ta leƙa cikin kwanon, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Sulaimanu, waɗannan ne baƙin da suka riga ni?"

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Balarabe, kifayen nan da sun mutu tun ranar da na tafi, wallahi da na gode maka. Neman wanda zan jibga wa su nake yi. Ɗauke su, har kwanon na ba ka."

"To yallaɓai... maganar Malali fa?"

"Tana nan. Ranar da ka cika wa tsohuwata jarkar nan da irin ruwan da ka zubar, ka zo ka karɓi makulli. Rijiyar tana nan inda na bar ta."

Da kwano a ka Balarabe ya koma Unguwar Kanawa, a ƙasa, yana tafiya sannu-sannu kar ya fantsala, babbar riga na ɗigar ruwa. Tun daga nesa ya hango Ladidi a ƙofar gida zaune kan ƙullin kaya, ta ci kwalliya, gado da tabarmi da kwanoni duk an fito da su waje. Ta tagar ɗakinsu kuwa wani baƙon labule ne ke kaɗawa, sabon ɗan haya har ya kunna rediyo.

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ina makullin?"

Ya sauke kwanon a hankali a gabanta. "Akwai ɗan sharaɗi. Sai na ɗan leƙa Makka na dawo."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Amma Ladidi, ki duba wani abu," ya ce, muryarsa na ƙoƙarin tashi. "Duk faɗin Kaduna, kai har Legas, wa ke da kifin da ya yi iyo a cikin..."

Ta ɗaga masa hannu ta katse shi. Ta duƙa ta kalli Di'o da Madam da 'ya'yansu suna ta zagaya kwano hankali kwance, ta kalli labulen, ta kalli rana da ta kusa faɗuwa.

"To, Sarkin Ruwa," ta ce, "su dai sun sami wurin kwana. Mu fa?"